Bokitina da Barkonon Gwaggo Dije

Abubuwa sun fara zube mini a kai, har jikokina sai na jero sunaye kafin in faɗa kan wanda nake kira, amma ranar da baƙi suka ƙi shiga filinmu ta ƙofa tana nan daram, ko ƙura ba ta hau ta ba. Ku da aka ɗauka aiki bayanmu kun sha jin labarin a teburin mai shayi, kowa da gishirin da yake ƙara masa. Har na ji wani yana rantsuwa wai da taɓarya na bi mutane. To ni ce mai bokitin, ga yadda aka yi. Da hannuna na rubuta, don sai da na aurar da 'ya'ya kafin na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma ban sha wahalar baƙi da wasali don wani ya riƙa ba da labarina a karkace ba.

Sai kun san filin kafin ku gane rigimar. Kafin a ce masa filin wasa, faƙo ne a gindin dutse, arewa da gari, ko ciyawa ba ta son wurin. Nan matan unguwarmu suke sussuka da shiƙa, nan suke shanya. In sun kwashe da yamma, yara su fito da ƙwallon tsumma. Daga baya malaman firamare suka kakkafa gora suka ce raga ce. Da ƙaramar hukuma ta tashi kewaye wurin, tsofaffin mata suka ɗauko faya-fayansu suka zauna a kan harsashin ginin, suka ce sai dai a ɗora bulon a kansu. Uwata tana cikinsu. Mai unguwa na lokacin ya shiga tsakani, aka tsaya a kan za a bar musu zirin da ke bin katangar arewa ta ciki, su ci gaba da shanyarsu. Da baki aka yi maganar, a gaban jama'a. Aka ja waya ta raba zirin da wurin tsayuwar 'yan kallo, aka shafe ƙasan da siminti. Ga katanga ta hana awaki, ga rana tun safe har yamma. Duk ƙasar Kazaure ban san wurin shanya irinsa ba.

Tun daga nan kowane ciyaman ya hau sai ya sake ƙaddamar da filin. Wani ya yanka zare don katanga, wani don rumfar kwano, wani don famfo. Famfon nan ranar bikin kawai ya yi ruwa, har yau muna jiran na biyu. Ƙwallo kuwa ita ce ƙaramar sana'ar filin. A ciki ake sallar Idi, a ciki 'yan makaranta suke maci, a ciki ake yi wa shanu allura da rabon taki. 'Yan siyasa su cika shi su bar mana ledoji, masu koyon mota su zo su daki turken raga su ce shi ya taho.

Ni lebura aka ɗauke ni, mai shara, ta wucin gadi. Da na kawo takardar yaƙi da jahilci aka tabbatar da ni, a hankali na zama shugabar masu shara, aka damƙa mini makullin ƙaramar ƙofa, wadda matan shanya suke bi. Sama da ni akwai mai kula da fili, sama da shi sakataren wasanni, shi kuma yana ƙarƙashin shugaban sashe, har abin ya dangana da ciyaman. Ranar wasa aikinmu shi ne mu share rumfa da ɗakin sa kaya, mu tsince duwatsu a cikin fili, mu gyara bakin babbar ƙofa.

Bakin ƙofar nan rairayi ne. In jama'a suka fara turmutsitsin shiga, ƙura ta tashi, ni kuma ina da ƙirji, sai in kwana ina tari. Don haka na tsiri ɗebo ruwa a rijiyar bayan masallaci, in tsoma tsintsiya a bokiti in yayyafe wurin kafin a buɗe. Ba wanda ya sa ni. Don ƙirjina nake yi.

Sai aka yi dace, ko in ce rashin dace, ƙungiyar garinmu ta jima ba a ci ta a gida ba. In sun fita waje a lallasa su, in sun dawo gida su zama zakuna. Maimakon a ce sun saba da ramukan filinsu, sai aka ce ruwan Iya Uwale ne. Wai rubutu nake zubawa, wai da nake yayyafin bakina yana motsi. Bakina kuwa yana motsi, zagin masu zubar da ɓawon rake nake yi. Na wayi gari 'yan wasanmu ba sa shiga sai kowa ya dangwala ƙafar dama a jiƙaƙƙen wurin. Kocinsu, Sale, ya fara aiko mini da goro. Na tare shi na ce ruwan rijiya ne, ya ji tsoron Allah ya koya wa yara gudu. Ya gyaɗa kai ya ce, "Haka ne, Iya, mun gane. Ai ba a faɗa." Na rantse masa, ya ce ai dole in rantse. Na fasa rantsuwar, ya ce to kun gani. Goron dai na ci, don ba laifinsa ba ne.

Ana cikin haka aka kawo mana sabon sakataren wasanni, Malam Nafi'u. Yaro ne mai tsafta, mai son aiki, ba zan zalunce shi ba. Burinsa a amince da filinmu a riƙa buga manyan wasannin jiha a ciki. Ranar da ya fara zagayawa ya iso zirin arewa, ya tarar da barkono ja wur, ga kauɗar tumatir, ga kuɓewa yankakkiya, ga Gwaggo Dije tana gyangyaɗi a inuwar buhu. Ya tambaye ni ko kasuwa ce. Na ba shi tarihi tun daga harsashi. Ya ce a nuna masa inda aka rubuta. Na ce waɗanda suka yi maganar ba su iya rubutu ba, amma sun iya cika alkawari. Ya ce shi dai filin wasa ya sani, kuma duk ranar da shanyar nan ta jawo matsala, ranar ta ƙare.

Gwaggo Dije ƙawar uwata ce, ita kaɗai ta rage cikin matan da suka zauna a kan harsashin. Mijinta ya rasu da daɗewa, ɗakinta ɗaya a gidan ƙaninta, tsakar gidan kuwa ko tabarma biyu ba ya ci, ga awaki. Ɗanyen barkono take saro wa a wurin masu lambu, ta busar, ta daka yaji ta ƙulla. Da shi take ci, da shi take sutura. In aka hana ta zirin nan, an hana ta tuwo ke nan. Kuma ba ita kaɗai ba ce, matan unguwa da yawa da wurin suka dogara.

To, ranar da nake ba ku labari wasan kusa da na ƙarshe ne na gasar ƙananan hukumomi, mu da wata ƙungiya daga wajen Babura. A irin wannan wasa, ban da alƙali da masu ɗaga tuta, ana turo wani babba da ake ce wa kwamishinan wasa. Shi ba ya busa usur, zama yake ya duba fili da tsaro da halin jama'a, ya kai rahoto. A kan rahotonsa ake cewa fili ya cancanta ko bai cancanta ba. Malam Nafi'u tun safe yake zirga-zirga da sabuwar shadda. Ya so a kwashe shanya, mai kula da fili ya tuna masa cewa tana bayan waya, ba ta taɓa tare wa kowa hanya ba, kuma barkonon Gwaggo saura kaɗan ya bushe, in an tara shi a buhu da ɗanyensa zai yi fumfuna. Ya haƙura da ƙyar.

Bayan azahar ina bakin ƙofa ina yayyafina, motar baƙi ta tsaya. Kocinsu, wani gajere mai tumbi da usur a wuya, ya sauko ya dube ni, ya dubi bokitin, ya dubi ƙasa. Na ce masa sannunku da zuwa. Ya ja da baya kamar ya ga kububuwa, ya koma mota, suka juya. Na ɗauka masallaci za su nema.

Ashe labarin ruwana ya riga su zuwa Babura. Sun yi shawara tun a gida cewa ba mai taka bakin ƙofar nan. Suka zagaya bayan fili suna neman inda za su haura. Ta arewa akwai wani falalen dutse da ya jingina da katanga, in ka hau shi, kan katangar bai wuce ƙugunka ba. Abin da baƙo ba zai sani ba shi ne ta ciki wurin yana da zurfi, don a nan aka ɗebi ƙasar da aka cike fili. Direba ya sauke su ya tafi neman inuwa da ruwan shansu da komai a motar. Kocin ya jera su a kan katanga, ya ce a dira tare don kada wani ya karaya.

Suka diro tare. A tsakiyar barkonon Gwaggo Dije.

Ni ihun na fara ji, sai na ga 'yan kallon gefen arewa suna dafifi wajen waya. Na ruga da bokitin a hannu, don ba na ajiye shi, sata ake yi. Kafin in isa atishawa ta kama ni. Ƙarti majiya ƙarfi, da takalman ƙwallo masu ƙusa, sun murƙushe barkonon da zafin rana ya ƙarasa busarwa, garin ya tashi kamar hayaƙi. Wasu sun zame a kan kuɓewa sun zauna daɓas. Kowa tari, kowa atishawa, majina har haɓa. Wanda ya dafa ƙasa da hannu ya kai hannun ido, ya ƙara wa kansa. Gwaggo kuwa ta farka a firgice ta ga maza suna faɗowa daga sama, ba ta tsaya tambaya ba, ta ɗauki muciyar da take juya shanya ta shiga rabo. Tsohuwar da sai an kama ta take hawa babur, ranar har tsalle na ga ta yi. Tana duka tana tambayarsu ko gidan ubansu ba ƙofa.

Wanda ya fi jin jiki golansu ne, wani dogon yaro baƙi. Shi da fuska ya sauka. Yana durƙushe yana lalube, yana kiran ruwa. Komawa ta katanga ba dama, ta yi musu tsawo ta ciki. Ƙaramar ƙofa a kulle take ranar wasa, fita ta babbar kuwa sai an taka yayyafina. Ruwan da ke kusa duk faɗin wurin shi ne na hannuna.

Na matsa zan zuba masa, kocin ya sha gabana ya buɗe hannuwa, idonsa shi ma yana zuba. Ya ce kada wanda ya kuskura ya taɓa ruwan nan, tarko ne aka haɗa musu, ruwa a ƙofa, barkono a katanga. Na ce masa ni ban aika musu goron gayyata ta kan katanga ba, ya matsa ko in haɗa da shi. Yana ta kumfar baki, sai golan ya yi magana daga ƙasa.

"Koci, don girman Allah ka bari. Ko rubutun waye a ciki a zuba mini. Makancewa zan yi."

Na ture gajeren nan da kafaɗa, na cika moɗa na ce wa yaron ya buɗe idon, na dinga kwarara masa. Ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Allah ya biya ki, Iya." Da sauran suka ga bai zama kare ba, sai ga su a layi, kowa ya tara hannu. Na aiki masu sharata suka ƙaro bokiti biyu daga rijiya. Kocin ne ƙarshe. Ya tsaya yana ta mazurai da jajayen idanu har ya kasa, ya miƙo fuska ba tare da ya dube ni ba. Nasa na ɗan ɗaga moɗar sama.

Ina ganin an gama, ashe yanzu aka fara. Na juya sai ga Koci Sale da 'yan wasanmu sun yi cirko-cirko a bakin waya kamar an yi musu mutuwa. Sale ya dafe kai ya ce, "Iya, kin kashe mu. Mu ƙafa kawai muke dangwalawa, su kin yi musu wanka." Kyaftin ɗinmu ya ce shi dai ba zai buga ba sai an zuba masa daidai yadda aka zuba wa golansu. Na ce duk mai son daidai da na gola ya fara zuwa ya tusa fuska a barkono, ga shi nan Gwaggo ta rage. Ba wanda ya zo.

Kwamishinan wasa, wani dattijo mai furfura a gemu, ya tara mu a ƙarƙashin rumfa. Yana ta goge ido da hankici, ban sani ba ko barkono ne ko dariya yake dannewa. Kocin baƙi ya ce zai shigar da ƙara, an yi musu asiri an kuma yi musu kwanton ɓauna. Sale ya ce shi ma zai shigar da ƙara, an ba abokan gaba abin da yake na gida. Dattijon ya ce shi tunda yake bai taɓa ganin ƙungiya biyu suna ƙarar bokiti ɗaya ba. Ya ba baƙi ɗan lokaci su huce, ya ce duk wanda bai fito fili ba an cinye shi. Malam Nafi'u kuwa na ga yadda yake kallon zirin arewa, na san abin da ke tafe.

Aka buga wasa. Yaranmu sun shiga da sanyin jiki, sun riga sun yanke wa kansu hukunci. Golan nan kuwa, da idanu jajur kamar garwashi, ko ƙiftawa ba ya yi, duk abin da aka buga sai ya cafke. Har fenareti ya tare. Kusa da tashi suka zura mana ɗaya, aka tashi a haka. 'Yan kallo suna fita suna harara ta, wani ya ce an saye ni, na ce ya matso ya faɗa mini kuɗin. Kocin baƙi ya manta da ƙara. Ta babbar ƙofa suka fita, suna tattaka inda na yayyafa da gangan, har ya turo a tambaye ni ko zan cika musu jarka saboda wasan ƙarshe. Na nuna wa ɗan aiken hanyar rijiya, ya ce ba wannan ba, na hannuna. Na ce ya gaishe da kocin.

Ranar Litinin Malam Nafi'u ya kira ni ofis. Ya ce abin da yake gudu ya faru, an mai da filinsa abin dariya a gaban baƙo. Daga ranar Juma'a ba sauran shanya, in kawo makullin ƙaramar ƙofa. Na ce ranka ya daɗe, barkono yana zaune a inda aka ajiye shi, mutane ne suka faɗo masa. Ya ce ba muhawara ya kira ni ba. Na kwance makullin daga bakin zanina na ajiye masa a tebur. Da na je na gaya wa Gwaggo, ba ta yi faɗa ba, wannan ne ya fi ƙona mini rai. Ta dubi simintin, ta tambaye ni ko na san mai son sayen turmi.

Da yamma sai ga Sale da kyaftin a ƙofar gidana, da goro har da turare. Sun zo ba ni haƙuri kan maganganun 'yan kallo, su kuma roƙe ni kada in ƙara zuba wa baƙo. Na ce su kwantar da hankalinsu, ba baƙo ba ɗan gida, na daina yayyafi. Ni shara aka ɗauke ni, ba wanda ya rubuta mini ɗaukar bokiti. Wurin da aka kori ƙawar uwata ba zan ƙara ɗebo masa ruwa da wuyana ba, in ƙura ce in ɗaura ƙyalle a hanci. Na ƙara maimaita musu cewa ruwan rijiya ne, kowa yana iya ɗebowa ya watsa. Suka dubi juna. Sale ya ce, "To Iya, in shanya ta zauna fa?" Na ce in ta zauna, ƙirjina yana nan, ƙura tana nan.

Ban aike su ko'ina ba, Allah ne shaida. Amma washegari 'yan ƙwallon garinmu kaf, da rigunansu na wasa, da magoya baya a kan babura, suka cika harabar sakatariya. Mutanen da ko sau ɗaya ba su taɓa yi wa matan shanya sannu ba, su ne suke ɗaga murya wai a bar wa iyayenmu haƙƙinsu, wai tarihi ne. Ciyaman ya leƙo ta taga ya ga yawan samarin, ga zaɓe yana matsowa, ya sa aka kira mu duka.

Ofishinsa akwai sanyi, Gwaggo ta ƙudundune a mayafi a kan kafet. Malam Nafi'u ya yi bayaninsa, kuma ya yi shi da kyau, ya ce fili ba zai ci gaba ba matuƙar ana shanya a cikinsa. Ciyaman ya tambayi Gwaggo asarar da aka yi mata. Ta ce ba ta yafe tsoron da suka ba ta ba, amma barkonon kam sun rage mata daka. Sannan ya juyo kaina, ya sassauta murya.

"Iya Uwale, tsakaninki da Allah, me kike sawa a ruwan nan?"

"Tsintsiya, ranka ya daɗe."

Ya gyaɗa kai a hankali, irin gyaɗawar Sale. Nan na san shi ma ya tafi.

Hukuncin da ya yanke shi ne shanya ta zauna inda take, a ƙara wa katangar arewa tsawo daidai falalen dutsen, a mayar mini da makulli. Don kada sakatare ya fita hannu wofi, aka ce ranar babban wasa a lulluɓe barkono da buhuna. Malam Nafi'u ya karɓa da mutunci, shi da kansa ya miƙo mini makullin, har ya ce in yafe masa in ya yi zafi. Mun yi aiki tare shekaru bayan nan lafiya lau. Filin ma daga baya an amince da shi, don ashe dattijon nan kwamishinan wasa ƙorafinsa ɗaya ne, famfo.

Muna fita ciyaman ya sa aka dawo da ni ni kaɗai. Ya rufe ƙofa, ya tambayi lafiyar yara, ya yi ta kewaye-kewaye. Ƙarshe ya ce ya lura bakin ƙofar sakatariya ma akwai ƙura sosai, musamman yanzu da zaɓen fid da gwani ya gabato, ko zan riƙa biyowa da safe. Na ce ranka ya daɗe, bakin ƙofarku kwalta ce. Ya ce duk da haka. Na ce yana da masu shara cike da harabar nan, rijiya kuma ba a kulle take ba, ni ƙirjina a filin wasa yake ciwo.

Ga abin da na ɗauka daga wannan rana, ku da kuka gaji tsintsiyarmu. Na yi shekaru ina faɗar gaskiya a kan bokitin nan, daga koci har ciyaman ba wanda ya yarda. Na kuma faɗi gaskiya a kan alkawarin da aka yi wa iyayenmu, ita ma ba ta motsa kowa ba. Abin da ya tsayar da shanya tsoron rasa ƙwallo ne, kuma ban ji daɗin hakan ba, na so a ce don Gwaggo aka yi. Amma haka mutanen sana'ar nan suke, namiji ya gwammace ya haura katangar da ta fi shi tsawo da ya taka ruwan da tsohuwa ta watsa. Kada ku raina su, kada kuma ku biye musu. In an tambaye ku me ke cikin ruwan, ku ce ba komai. Ba za a yarda ba, ku dai ku faɗa. Kuma ku riƙa tunawa filin nan yana da masu shi tun kafin a kawo raga. Gwaggo Dije ta ci gaba da shanyarta a zirin nan har Allah ya karɓi abinsa, turminta kuma ba ta sayar ba. Makullin yanzu yana hannunku. In mata suka ƙwanƙwasa da safe, ku buɗe.